Koyon Sana'a a Hayin Kogin Yamai

Wanda ya bi gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya sauka Harobanda, ya shigo inda ilimin Nijar ya fi taruwa. Tun da aka buɗe gadar a 1970 makarantu suka riƙa tsallakowa. Nan Jami'ar Abdou Moumouni take, wadda aka aza harsashinta a 1971. Nan cibiyar AGRHYMET ke horar da masana yanayi da ruwa da noma na ƙasashen Sahel tun 1974. Ga EMIG ta injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ga babban asibitin Lamorde inda ɗaliban likitanci ke koyon aiki a gefen gadon majiyyaci.

A lungunan unguwar kuma akwai wata makarantar da ba ta da allo balle rajista, wato rumfar maigida. Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kai shi garejin babura ko wurin mai walda, ya ce, "Ga amana na kawo maka." Da farko yaro ba ya taɓa inji. Aikinsa wanke noti a gwangwanin fetur, miƙa sifana, sayo shayi. Da ido yake ɗaukar karatu, har ranar da kunnensa zai bambance kukan lafiyayyen inji da na mai ciwo. Wannan tarbiyya ta ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba abin rainawa ba ce.

Sai dai maigida ba ya ba da abin da ba shi da shi. Aikin da ke shigowa yanzu na faifan sola ne, da batir, da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da na'urorin asibiti. Waɗannan ba sa kuka a ji. Sai an karanta mita, an lissafa nauyin wutar da gida ke ja. Kuskure ɗaya a haɗin waya na iya ƙone batirin da mai lambu ya tara wa kuɗi damina biyu.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992 ya hango wannan giɓi da wuri. An haifi Abdou Moumouni a Tasawa a 1929. Masanin kimiyya ne, amma da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, ƙira ya shiga yi: tukunyar ɗumama ruwa, murhun girki da rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya dage a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu.

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, jami'a kuwa ba za ta ɗauke su duka ba. Asusun koyon sana'a na FAFPA yana tallafa wa tsarin da yaro ke raba lokacinsa tsakanin rumfa da aji. A ganina, tsarin zai fi yin kyau idan an fara da maigidan kansa, aka koya masa lissafin wuta da Zabarmanci ko Fulatanci ko Hausa, domin yara da dama ke zaune ƙarƙashinsa.

Mutanen Lamorde sun ga bukatar ƙwararrun masu sana'a a daminar 2020, da kogi ya fasa madatsa ya kwantar da gidajen laka. Da ruwa ya janye, magini aka shiga nema, wanda ya san tsayin da zai ɗaga harsashi, da mai gyaran famfon da laka ta toshe.