Dogon Shakul da Ƙarin Falle: Gaskiya da Ƙarya Kan Maratayan Sifirin Motar Daji

A garejojin da ake gyaran motocin daji, daga Agadez har Kano, akwai shawarar da mai Hilux ba ya rasa ji idan bayan motarsa ya fara zama: "Oga, a sa mata dogon shakul, a ƙara falle biyu, shi ke nan." Wani lokaci shawarar tana yin amfani. Sau da yawa kuma ita ce mafarin tsagewar shasi, ko rawar farfela, ko birkin da ba ya kamawa a baya. Abin da ya sa jita-jita ke yawa a nan shi ne, idon mai mota yana kan sifirin, alhali yawancin matsalar tana wuraren da aka ɗaure shi.

Wuraren uku ne. Kan sifirin ɗaya yana maƙale da hanga, wato ƙarfen da ke manne da shasi ba ya motsi. Ɗaya kan yana rataye a shakul, guntun ƙarfe biyu masu lilo, domin duk lokacin da nauyi ya danne sifirin ya miƙe, tsawonsa yana ƙaruwa, dole ya sami wurin tafiya. A tsakiya kuma yubol ne ke matse shi da aksul, santabol yana riƙe fallayen a jere. Tsari ne tsoho: tun 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin irin na fallaye a Landan don kekunan doki. Toyota ta riƙe shi a gaba da bayan manyan Land Cruiser 70 tun fitowarsu a 1984, sai a 1999 ta mayar da na gaba murɗaɗɗe, ta bar na baya yadda yake. Hilux ma har yau a kan fallaye bayanta yake. Motocin da suka kwashi mutane da jarkoki zuwa Djado bayan gano zinariya a 2014, akasarinsu a kan wannan tsari suka ratsa Tenere.

Maganar da ta fi yawo ita ce shakul mai ƙarin inci biyu yana ɗaga mota inci biyu. Ƙarya ce, kuma lissafinta ba wuya. Aksul yana zaune ne kusan tsakiyar sifirin, kai ɗaya kuwa bai motsa daga hangarsa ba. Idan aka sauke ɗaya kan da inci biyu, tsakiya rabin haka take sauka. Mai mota ya sami inci ɗaya ke nan. Abin da ya biya a kai ya fi haka yawa. Sifirin ya karkata, aksul ya juya tare da shi, bakin da farfela ke shiga ya canza kusurwa, sai a fara jin kakkarwa a ƙarƙashin kujera idan an ɗauki gudu. Dogon shakul kuma yana ba nauyin mota ƙarin ƙarfin murɗa hanga gefe da gefe a kowace kwana, bushin, wato robar da ke cikin kawunan sifirin, ya riƙa cinyewa da wuri. A tsofaffin motoci irin Land Cruiser 40 da Jeep CJ, waɗanda shakul ɗinsu na gaba yake can bakin bamba, tsawaita shi yana rage kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Motar ta dinga yawo a titi, direba yana kokawa da ita. Ana gyara wannan da siririn ƙarfe mai gangara da ake sakawa tsakanin sifirin da aksul, amma kaɗan ne masu sa dogon shakul suke tunawa da shi.

Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce, ƙarin tsawo kaɗan yana da wurinsa. Sifirin da aka ƙera da lanƙwasa mai yawa yana buƙatar shakul da zai ba shi damar miƙewa ba tare da ya daki shasi ba. Shi ya sa kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Dobinsons suke sayar da sifirin da shakul da bushin da yubol waɗanda aka auna su yi aiki tare. Akwai ma shakul mai ɗan kunne da ke hana shi juyawa ciki idan taya ta faɗa rami sifirin ya saki gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin shakul ya kife ya maƙale a tsakiyar rairayi, uwar falle ta lanƙwashe, ya san wannan kunnen ba ado ba ne.

Sai masu cewa ɗaga mota yana hana cikinta gogar ƙasa. Rabin gaskiya. Shasi da tanki da akwatin giya suna ɗagawa. Ƙoƙon aksul kuwa, wanda shi ne mafi kusa da ƙasa, yana nan inda yake, domin taya ce ke riƙe da shi. Babbar taya ce ke ɗaga shi.

Jita-jitar da ta fi haɗari, kuma wadda ya kamata kowane mai lodi ya tsaya a kanta, ita ce ƙarin falle yana ƙara nauyin da mota za ta iya ɗauka. Abin da ƙarin falle ke yi shi ne hana bayan mota zama. Bai ƙara wa aksul kauri ba, bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai canza lambar nauyin da ke jikin taya ba, bai taɓa boris ɗin ƙafa ba. Abin da ya fi muni, ya ɓoye alamar da ke gaya wa direba cewa lodi ya isa. Motar da a da za ta durƙusa ta yi gargaɗi, yanzu tana tsaye ƙyam da kayan da suka wuce ƙarfinta. Sifirin da ya yi tauri kuma ba ya shanye duka. Kowace gargada kai tsaye take wucewa zuwa hanga da shasi. A Ostareliya, inda ake ɗora wa motoci masu ƙofa huɗu ɗakin kwana da tankuna a bayan aksul, lanƙwashewar shasi tsakanin gida da bodi sananniyar cuta ce. A can, ƙara nauyin da doka ta yarda mota ta ɗauka aiki ne da sai an yi gwaji an ba da takardar shaida, kuma ko da haka akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Bakaniken da ya ce wa mai mota falle biyu sun mayar da Hilux ƙaramar tirela, ko bai yi nufi ba, ya jefa fasinjojin da ke zaune kan kayan cikin haɗari.

Maganar bulo, wato dunƙulen ƙarfen da ake sakawa tsakanin sifirin da aksul, ta dogara da irin motar. A bayan Hilux mai jan ƙafa huɗu sifirin yana saman aksul, saboda haka bulo yana ɗaga ta. A Land Cruiser 70 sifirin yana ƙarƙashin aksul, bulo sauke ta zai yi. Ko inda yake ɗagawa, yana nesanta aksul da sifirin, sai ƙarfin injin ya riƙa murɗa fallayen idan taya na haƙa a yashi, ƙafar baya ta dinga tsalle. Ɗora bulo kan bulo ganganci ne. Sa shi a aksul na gaba, inda birki da sitiyari suke turawa, ya fi ganganci.

Akwai kuma abin da ake rainawa, yubol. Ana cewa in dai bai karye ba a mayar da shi. Masu ƙera sifirin ba su yarda da haka ba, kuma suna da hujja. Yubol yana ɗan miƙewa a ɗaurin farko, zaren noti yana lotsawa, a ɗauri na biyu ba ya matsewa kamar da ko an ja sifana da ƙarfi. Da ya yi sako-sako, fallayen suna motsi a tsakiya, daidai inda aka huda su don santabol, wurin da ya fi rauni. Fallen da ya karye ta kan wannan huda kusan kullum laifin yubol ne. Santabol ma yakan tsinke, aksul ya goce baya ta gefe ɗaya, a ga mota tana tafiya a karkace kamar kare mai gudu. Sabon yubol kuɗinsa bai kai na falle ɗaya ba. Ana ɗaure shi da sifana mai ma'auni, a sake duba shi bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, lokacin da sababbin fallaye suka zauna.

Walda a jikin falle ba gyara ba ce. Ƙarfen sifirin an gasa shi an kashe shi an sake ɗumama shi a ma'auni kafin ya sami halin lanƙwasa ya dawo. Wutar walda tana ɓata wannan hali a gefen ɗinkin, nan zai sake karyewa. A tsakiyar daji, don a kai gari, ba wanda zai zargi direba. A gari kuwa, inda Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suke cike da ƙarfe, canza fallen ake yi. Haka ma gasa sifirin da wuta don a ƙara masa lanƙwasa. Hanga kuwa ana iya yi mata walda a ƙarfafa ta, sai dai ɗinkin da ya ratsa leɓen shasi na sama ko na ƙasa a gicciye yakan zama inda tsaga za ta fara. Gwanayen masu walda suna shimfiɗa faranti a gefen shasi, su zagaye kusurwoyinsa.

Bushin na roba mai tauri, mai launin ja ko rawaya, ana yaba shi da cewa ba ya mutuwa. Yana jure mai, gaskiya ne. Amma yana juyawa ne a kan ƙusa, saboda haka yana son giris, in ya bushe sai kuka da cinyewa. A ƙasar rairayi giris yana kama yashi, sai an riƙa tura sabo yana fitar da tsoho, abin da shakul mai kan giris yake sauƙaƙawa. Baƙin bushin na asali, wanda robarsa ke manne da ƙarfe, murɗewa yake yi ba juyawa ba. Ba ya son giris, amma dole a ɗaure shi bayan an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta. Wanda aka ɗaure yana kan jak a murɗe yake kwana, ba ya daɗewa.

Masu tsofaffin Jeep da Land Cruiser 40 a Amurka suna da tasu muhawarar: mayar da shakul na gaba zuwa bayan sifirin. Yana sassauta duka, domin taya tana ja baya idan ta haɗu da dutse. Yana kuma sa hanci ya nutse a birki, taya ta matso bodi, farfelar gaba ta nemi ƙarin wurin zamewa.

Abin da kusan ba a ambata a gareji shi ne birki. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ba su da birkin kwamfuta suna da wani bawul a shasi, da sanda da ke haɗa shi da aksul na baya. Idan lodi ya danne mota, sandar tana buɗe wa birkin baya ƙarin ƙarfi. Da an ɗaga motar ba a gyara mazaunin sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da an cika bodi, ya rage wa ƙafafun baya birki. Tiyon man birki ma yana da tsawonsa, haka shokozoba. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaga shasi a jak har tayoyin baya su bar ƙasa, a leƙa. In tiyon ya miƙe tsam, sai an sa mai tsawo kafin motar ta bar gareji.