Gidan wasan kwaikwayo na laka a Zariya da darasin da ke cikinsa

A yawancin gidajen wasan kwaikwayo na zamani tsarin ɗaya ne: 'yan wasa a kan dakali mai tudu, 'yan kallo a jere cikin duhu, labule a tsakaninsu. Amma a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, akwai ginin da ya saɓa wa wannan tsari tun tsakiyar shekarun 1970.

Wanda ya zana shi shi ne Steven Ehrlich, ɗan Amurka masanin zanen gine-gine, wanda aka haifa a 1946. Ya fara aikin sa-kai a Maroko a 1969, daga baya ya zo Zariya yana koyarwa a jami'ar. Ya yi aikin ne tare da Michael Etherton, malamin wasan kwaikwayo da ya taho daga Jami'ar Zambiya.

Maimakon su kwaikwayi ɗakunan taro na Turai, sai suka ɗauki fasalin gidan Bahaushe. Magina na gargajiya suka ɗora ɗakuna masu siffar da'ira da ƙasa, aka yi musu jinka, katanga ta haɗa su, aka bar fili a tsakiya kamar tsakar gida. A nan ake wasa, jama'a na kewaye, kamar yadda ake taruwa a dandali.

Wannan tsari ya sauya dangantakar ɗan wasa da mai kallo: suna ganin idon juna, mai kallo na iya tanka magana. Hakan ya dace da aikin da sashen ya yi suna a kansa, wato fita da wasan kwaikwayo zuwa garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo domin tattauna matsalolin manoma.

A Turai ma an yi wannan nema, sai dai ta wata hanya. Josef Svoboda na ƙasar Cek, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 2002, ya zama babban mai tsara dandamali na gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Prague a 1948. Ya yi amfani da haske da madubai da majigi, kuma aikinsa ya ja hankalin duniya a bajekolin Brussels na 1958. Shi ya dogara da na'ura, na Zariya suka dogara da ƙasa da ciyawa, amma fahimtarsu ɗaya ce: wurin da ake wasa wani ɓangare ne na wasan.

Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da sabunta jinka, in ba haka ba damina ta cinye shi. Duk da haka, birane masu bunƙasa irin su Gombe suna da abin koyi a nan: kafin a aza harsashin zauren al'adu, a fara duba yadda mutanen gari suka saba zama su yi kallo.