Tace Insulin Daga Cikin Ƙwayar Bakteriya

Duk wanda ya ga mai ciwon sukari ya ɗaga 'yar kwalbar insulin yana dubanta a haske kafin ya zuƙa da sirinji, da wuya ya raya a zuciyarsa cewa da yawa daga wannan magani asalinsa wata ƙwaya ce mazauniyar hanjin ɗan Adam, wadda ma'abota ilmi ke kira E. coli. Tun daga 1922 daga jikin shanu da aladu ake ciro shi, al'amarin da bai rasa sosa zukatan Musulmi ba, har zuwa 1978 da masu bincike a Kalifoniya suka dasa umarnin halittarsa cikin ƙwayar nan, sa'an nan a 1982 hukuma a Amurka ta halatta sayar da shi da sunan Humulin.

Amma a ra'ayina hikimar da ta fi cancantar ta'ajibi tana wajen tacewa, domin ƙwayar, da yake an ɗora mata aikin da ba nata ba, takan tara furotin ɗin, wato insulin, dunƙule-dunƙule a cikinta, a cukurkuɗe, ba shi da wata fa'ida ga majiyyaci. Sai a farfasa ta da matsi mai tsanani, a juya a inji har dunƙulen su kwanta, a narkar da su da sinadari irin su yuriya, wadda manomi ya sani a buhun taki, illa dai wannan tsarkakakkiya ce. Bayan haka a riƙa tsarma ruwan sannu a hankali har zaren furotin ɗin ya naɗe bisa siffarsa ta asali. Insulin tubala 51 ne, da ƙulli uku na farar wuta, kuma in ƙulli guda ya kauce, aiki ya ɓaci.

Daga nan a bi da shi ta bututu bayan bututu, tamkar mai tankaɗe da ke sauya rariya, wani ya ware bisa girma, wani bisa cajin lantarki. Abin da ake matuƙar tsoro shi ne dafin da ke ɓawon ƙwayar, wanda ƙanƙaninsa a jijiya yakan haddasa zazzaɓi mai zafi. Kuma, ikon Allah, an daɗe ana gano shi da shuɗin jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, wanda ke daskarewa da zarar ya gamu da dafin.