Ƙarshen Littafin Iliya Ɗan Maikarfi Ya Bar Ni Da Takaici

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai yau kusan wata guda ke nan. Na san wani zai ce maganar littafin yara ba ta isa a kawo ta jarida ba, alhali ana fama da tsadar taki da kuɗin mota. To, a ji ni tukuna, in ya so a yanke hukunci.

Ni ɗan tireda ne, ina sayar da sukari da sabulu da ashana a bakin tasha, da damina kuma in taɓa noma. Allah Ya ba ni ɗan auta mai shekara 11 wanda ƙafafunsa suka shanye tun yana goye. In yara suka fita ƙwallo, shi yana zaure yana kallonsu. Wata ranar kasuwa na ga littafin Iliya Ɗan Maikarfi a shimfiɗar mai sayar da littattafai, sai na tuna mun taɓa karanta farkonsa a firamare, kuma na tuna cewa shi ma Iliya bai tashi da ƙafa ba. Na ce wannan na Auta ne, na saya.

Littafin nan Malam Ahmadu Ingawa ne ya rubuta shi, aka buga a Zariya a 1951. Kowane dare bayan sallar isha sai in kunna fitila in karanta masa shafi biyu ko uku. Wallahi ranar da muka zo inda waɗansu baƙi bayin Allah suka iske Iliya, cikin ikon Allah ya miƙe tsaye, sai da yaron nan ya sa na maimaita wurin sau uku. Daga nan labari ya yi daɗi. Iliya ya sami dokinsa Kwalele, ya shiga duniya, ya zama garkuwar birnin Kib na Sarki Waldima. Kafin mako ya zagayo zaurena ya cika da yaran unguwa. Keken guragun da na saya wa Auta ma suna ya samu, kowa Kwalele yake ce masa. Yaran da a da ba sa jiransa, sai ga su suna rigimar wa zai tura shi makarantar allo.

To jama'a, sai muka zo ƙarshe. Bayan duk wannan jaruntaka, sai Iliya ya roƙi Allah Ya mai da shi dutse, shi da dokinsa, kuma haka aka yi. Na rufe littafi, zaure ya yi tsit. Can sai Auta ya ɗago kai ya ce, "Baba, ke nan ya koma ba ya motsi kamar da?" Ni dai ban iya ce masa komai ba. A daren nan ko tuwo bai ci ba.

Wannan tambaya ita ce ta hana ni sukuni. Mutumin da ya fara rayuwa a zaune, Allah Ya tashe shi, me ya sa za a ƙare labarinsa a sandare? Babba zai iya hango wata hikima, amma yaro abin da ya gani shi ne an ba gwarzonsa ƙafa kuma an karɓe. Ban da haka, a tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana, ba a mai da mutum dutse sai in sihiri aka yi masa ko kuwa alhaki ne ya kama shi. Shi Iliya alhakin wa ya ɗauka?

Na kai maganar majalisarmu ta gindin dalbejiya. Wani tsohon malamin makaranta ya ce kada in ga laifin marubucin, domin tushen labarin daga ƙasar Rasha yake. Ya ce can suna da tsofaffin waƙoƙin baka na wani barde Iliya Muromes, wanda ya shekara 33 ba ya tafiya har waɗansu matafiya suka warkar da shi. Waldima shi ne Sarki Biladimiya, Kib kuwa ita ce Kiyef, babban birnin ƙasar Yukren a yau. A can ma, in ji shi, akwai ruwayar da ta ce dutse barden ya zama, kuma su a wurinsu girmamawa ce, wato ba ya ruɓewa, ba a mantawa da shi. Liman kuma ya ce darasin shi ne duniya ba matabbata ba ce, kome ƙarfin mutum wata rana sai labari.

Na yarda da su, amma ba duka ba. Tun da marubucin ya iya sauya sunaye ya sa wa labarin rigar Hausa har muka ɗauka namu ne, ai da ya iya duba ƙarshen ma. Dubi Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Alhaji ya sha wuya, amma ya komo gida da ruwan, aka warkar da ɗan sarki, mai karatu ya rufe littafi zuciyarsa fari ƙal. Kuma ba cewa nake dole kowane labari ya ƙare da biki ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar ta rasu jim kaɗan bayan ta sadu da ɗanta, amma ai sun gana, burinta ya cika. Da Iliya ya tsufa ya mutu kamar kowane bawan Allah aka yi masa sutura, da na san abin da zan gaya wa ɗana, domin mutuwa rigar kowa ce.

Kada a ɗauka raina littafin nake yi. Hausarsa mai daɗi ce, kuma shi ya jawo wa ɗana abokai. Kirana ga marubutanmu na yau shi ne, don Allah ku tuna da yara, ba littattafan soyayya kaɗai ake bukata ba. In kuwa za ku rubuta musu, ku auna shafin ƙarshe kamar yadda mai awo ke auna mudu, domin shi ne yaro ke kwana da shi. Ku kuma 'yan'uwana iyaye, ku riga yaranku karanta ƙarshen littafi, kada tambaya ta same ku ba shiri kamar yadda ta same ni.

Auta dai ya ce shi bai yarda ba. Na saya masa littafin rubutu mai shafi 40 da biro, yanzu haka yana rubuta yadda Iliya zai farka ya sake hawa Kwalele. In ya gama, da yardar Allah zan aiko maka, ko ka samar masa gurbi a filin yara.

 

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.