Kalmomin Cin Amana a Nahawun Turanci

Bahaushe yana da lafazi guda, wato cin amana, wanda yake rufe laifin bara ga ubangidansa, da na aboki ga abokinsa, har da na talaka ga ƙasarsa. Bature kuwa ya rarraba wannan ma'ana cikin gidajen kalmomi dabam-dabam, kowane da ƙirarsa da nauyinsa. Mai fassarar da bai lura da haka ba yana iya mayar da abin zargi ya zama laifin hukunci.

Gida na farko shi ne na sifar nan loyal, wato mai riƙon amana. Asalinta daga Latin ne, daga legalis, abin da ya dace da doka. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci, kamar ɗimbin kalmomin mulki da shari'a da suka kwararo Ingila cikin ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Normawa ta 1066. In an liƙa mata ɗafa-goshi dis-, mai kore ma'ana, sai a sami disloyal. In an ƙara ɗafa-ƙeya -ty sai ta zama suna, disloyalty. In kuwa -ly aka ƙara sai ta zama bayanau, disloyally. Wannan gida ba shi da aikatau, kuma ɗan harafin to ne yake haɗa sifar da wanda aka ci amanarsa, alal misali disloyal to his friend. Ba kowace saiwa ce ke karɓar dis- ba. Faithful tana ɗaukar un-, fidelity kuma in-, don haka ake samun unfaithful da infidelity, waɗanda galibi akan yi amfani da su wajen cin amanar aure.

Gida na biyu ya fi nauyi. Kalmomin betray da traitor da treason duk sun samo asali daga aikatau na Latin, tradere, wato miƙa wani abu ga hannun wani. Ke nan a nan maci amana shi ne wanda ya miƙa nasa ga abokan gaba. Abin mamaki shi ne, daga wannan saiwa ce tradition ta fito, wato al'adar da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya. Betray aikatau ne so-karɓau, ba ya bukatar harafi: he betrayed his friend. Sunan aikin shi ne betrayal, ana kuwa ƙirga shi. Treason ba a saba ƙirga ta ba, ba ta kuma da aikatau nata, sai dai a ce commit treason.

Shari'a ce ta keɓe treason ta ba ta wannan nauyi. Dokar Ingila ta 1351, a zamanin Sarki Edward na Uku, ta kasa laifin gida biyu: babba, wanda ya shafi sarki, da ƙarami, kamar bara ya kashe ubangidansa ko mace ta kashe mijinta. An soke ƙaramin a 1828. William Joyce, wanda ya yi wa Jamus farfaganda a rediyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an rataye shi a 1946 saboda babban laifin, kuma sai a 1998 Birtaniya ta soke hukuncin kisa a kansa. Shi dai yaƙin ya ba Turanci sabuwar kalma: sunan Vidkun Quisling, wanda ya haɗa kai da Jamusawa da suka mamaye Norway a 1940, ya koma sunan gama-gari, quisling, ana rubuta shi da ƙaramin baƙi.

Saboda haka, wanda aka kira disloyal an zarge shi ne da mugun hali, wanda aka tuhuma da treason kuwa yana gaban alƙali. Wajibi ne mai fassara ya ƙara bayani: cin amanar aboki, ko ta aure, ko ta ƙasa.