Ƙera Jarumi da Fensir: Yadda Ake Shirin Shiga Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa da ba shi da allo irin na dara, kuma ba a tashi a ce wane ya ci. Sunansa Dungeons & Dragons, ƙaramin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ne ya buga shi. Mutum huɗu ko biyar ke zama a kan tebur. Ɗaya shi ne jagora, mai ba da labarin duniyar almara mai cike da dodanni da kogunan dukiya. Sauran kuwa kowa na riƙe da jarumi guda, yana magana da bakinsa, yana yanke masa shawara. Idan jarumi ya ce zai haura katanga ko zai kai sara, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska ashirin, a ga ko ya dace. Sihirin da ke ciki lissafi ne a takarda, ba a kiran aljanin kowa.

Kafin a fara, dole kowa ya ƙera jaruminsa, kuma a nan ne masu wasan ke raba gari.

A bugun farko abin ba wuya. Sana'o'i uku ne kacal: mayaƙi, masanin sihiri, da malamin addini mai warkarwa. Ka jefa dayis uku masu fuska shida sau shida, abin da ya fito shi ne rabonka, ko ya yi maka ko bai yi maka ba. Yanzu da wasan ke hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, littafin 'yan wasa na 2014 ya zo da sana'o'i 12, har da ɗan sane da mawaƙi da barde mai rantsuwa. Ga zaɓin jinsi, ga na asali, wato abin da jarumin ke yi kafin ya shiga yawon kasada: soja ne, maraya ne da ya tashi a kwararo, ko ɗan sarauta.

Siffofi shida ke riƙe da komai: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. Hanyar da na fi so wajen raba su ita ce ta saye. Ana ba ka maki 27, kowace siffa tana farawa daga 8, ka yi ta ƙarawa har zuwa 15. Farashin yana tashi a sama: 13 maki biyar ne, 14 bakwai, 15 tara. Wanda ya so zai iya kwashe makinsa duka ya sayi 15 guda uku, ya bar sauran ukun a 8. Wanda ba ya son ciwon kai kuma sai ya ɗauki jerin da littafin ya tanada: 15, 14, 13, 12, 10, 8.

Abin da sabon shiga ba ya lura da shi shi ne, ba lambar kanta ake amfani da ita ba, ƙarin da take bayarwa ne a kan dayis. Mai 14 da mai 15 duk ƙarin biyu suke samu, sai an kai 16 ake samun uku. Saboda haka lambar da ba ta rabuwa biyu asara ce, sai dai in kana da shirin cike ta nan gaba. Kowane ƙari ɗaya kuwa kashi biyar cikin ɗari ne na yiwuwar nasara. Kaɗan ne a ido, amma a dare guda za ka iya jefa dayis sau da yawa.

Ɗauki masanin sihiri. Kowa ya san ilimi zai ba shi mafi tsoka. Inda ake faɗuwa shi ne juriya. A matakin farko makin ransa, wato adadin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, shida ne, sai a haɗa da ƙarin juriyarsa. Wanda ya bar juriya a 8 ya tashi da biyar. Goblin, ƙaramin dodon da aka fi fara karo da shi, saransa ɗaya na cin maki uku zuwa takwas. Ke nan malam mai tarin littattafai na iya kwanciya tun kafin ya buɗe baki. Da 14 aka ba shi, da ya tashi da takwas, kuma ya fi iya riƙe sihirinsa idan aka buge shi.

Akwai masu zama da kwamfuta su tsara jarumi daga mataki na 1 har na 20, sun san abin da zai koya a kowane mataki. Suna haɗa sana'o'i biyu ko uku, abin da doka ta yarda da shi muddin kana da 13 a siffar da kowace sana'a ke nema. Fitaccen haɗi shi ne barde ya tsoma ƙafa a sana'ar mai yarjejeniya da halittun ɓoye, ta reshen Hexblade da ya fito a 2017, don ya riƙa sara da kwarjininsa maimakon ƙarfi. A takarda abin burgewa ne, ban musa ba.

Sai dai ni ina ganin wannan gini ne na bene mai hawa ashirin ga mutumin da zai kwana a ƙasa. Labarin Lost Mine of Phandelver, wanda mutane da yawa suka fara da shi, a mataki na 5 yake ƙarewa. Curse of Strahd na 2016 a na 10 yake tsayawa. Ko wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023 bai wuce na 12 ba. Ga kuma halin rayuwa: wannan ya yi aure, wancan an yi masa canjin wurin aiki, tebur ya watse. Haɗa sana'a kuma yana da kuɗinsa. A mataki na 5 ne mayaƙi ke fara sara biyu a juyi ɗaya, masanin sihiri kuma ya samu dunƙulen wuta mai cin dayis takwas. Wanda ya kauce ya ɗauki mataki biyu a wata sana'a sai ya jira na 7, yana kallon abokansa suna cin kasuwarsu makonni.

Shawarata ita ce ka tsara matakai biyar na farko da kyau, sauran ka bar wa labari. Ka tambayi jagora wane irin labari zai bayar, domin gwanin yaƙi ba shi da ta cewa idan rabin wasan a fadar sarki ake yin sa ana zaren zance. Ka tambayi abokanka su wa suka ƙera. Mayaƙa huɗu ba mai warkarwa, ba mai buɗe kwaɗo, ba za su yi nisa a cikin kogo ba.

Lambar nan ta 8 kuma kada ka ɓoye ta, ka yi wasa da ita. Ƙaton da ba shi da kwarjini amma ya dage shi zai yi wa sarki bayani, ya jefa dayis ya samu uku, shi ne wanda tebur zai yi ta dariyarsa har a tashi. Jagora mai wayo yana son irin wannan rauni, don da shi yake ɗaura zaren labarin mako mai zuwa: sarki ya fusata, an jefa su kurkuku, yanzu sai ɗan sane ya nuna abin da aka ƙera shi dominsa.