Tsawon Sandar Fatsa Ga Mai Neman Kifin Zurfi

Idan an gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, manoman bakin ruwa da yawa su kan koma su. Galibi gora da zare da ƙugiya sun ishe su, a sa tana, a kama karfasa ko tarwaɗa. Amma babban giwan ruwa, irin na tafkin Kainji, ya fi son zurfi kusa da duwatsu, kuma ƙananan kifaye ya ke farauta. Don irinsa ne aka yi koton ƙarya mai nutso.

Shi wannan koto, kifi ne na itace ko na roba, da ƙugiyoyi masu baki uku-uku. Wani masunci na ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936, har yanzu ana sayar da su da sunansa. Mai nutson yana da dogon leɓe a gaba. In an jefa shi sai ya yi ta yawo a bisa, sai an fara naɗe zare sa'an nan ruwa ya danne leɓen, ya yi ƙasa yana kaɗa jiki. Waɗansu su kan kai zurfin ƙafa 18, watau gaba 3, har su wuce.

To, a nan tsawon sanda ya ke shigowa. Koton ba ya faɗawa ƙasa kamar dutse, a karkace ya ke sauka, kuma da ya kusato mai ja sai ya fara tasowa. Ashe ke nan tsakiyar tafiyarsa kaɗai ya ke yi a inda kifin ya ke. Wanda ya yi gajeren jifa, kafin kotonsa ya kai zurfi ya riga ya iso gindin jirgi. Sai ya wuni yana jifa, ya koma gida hannu wofi, ya ce ruwan ba kifi, alhali kuwa ta bisa kansu ya yi ta wucewa. Doguwar sanda ita ke ba da jifa mai nisa.

Mutanen Amurka, masu gasar kama wani kifi da su ke kira bas, sun daɗe da gane haka. Sandar da su ka fi ɗauka don wannan aiki daga ƙafa 7 da inci 6 ce zuwa ƙafa 8. A 1982 wani mai suna Paul Elias ya ci babbar gasarsu a kogin Alabama da wata dabara: ya durƙusa cikin jirgi, ya tsoma sandarsa cikin ruwa yana naɗi, don koton ya ƙara nutsewa.

Amma fa kada mai saye ya ce mafi tsawo ita ce mafi kyau. Koton nan yana turjiya ƙwarai, jansa aiki ne, kuma gwargwadon tsawon sanda gwargwadon nauyin da wuyan hannu zai ji. Mutum marar tsayi, ko mai zaune cikin ƙaramin kwale-kwale, ko mai tsayawa ƙarƙashin itatuwan gaɓa, ƙafa 7 ta fi masa. Wanda zai saki koton a bayan jirgi yana tafiya da shi, ba ruwansa da jifa, gajeriya mai ƙarfi ta wadatar.

Bayan tsawo sai a duba taushi. A ɗora kanta a ƙasa a danna kaɗan. In ta lanƙwasa har wajen tsakiya, ta yi. Mai tauri kamar taɓarya ta kan fizge ƙananan ƙugiyoyin nan daga bakin kifi, balle giwan ruwa da ya kan yi tsalle yana girgiza kai. Siririn zare ya fi barin koto ya nutse, sai dai a wurin duwatsu shi ne ya fi saurin tsinkewa, ya tafi da koton da aka saya da tsada.